Taken Gidan Alhaji Gambo

Duk shekara, idan sababbin ɗalibai suka zo zaurena ranar Asabar don koyon goge, sai an samu wanda zai ɗauke shi, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Malam, ashe tsirkiya ɗaya ce kawai." Nufinsa wata biyu ya ishe shi ya ƙware, ya fara ɗora kansa a waya. Ba na jin haushi, domin ni ma na taɓa faɗin haka, kuma ni a gaban mai gogen na faɗa. Saboda waɗannan matasa nake rubuta abin da na gani a wannan sana'a. Ina roƙon a ɗauke shi a matsayin shaidar mutum ɗaya, wanda yawonsa bai wuce tsakanin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba. Mai yiwuwa a wani wurin ba haka ake yi ba, kuma idan na kuskure wani suna, waɗanda suka gaji abin su gyara mini.

Ni ban gaji kiɗa ba. Mahaifina malamin gona ne. A kwalejin horon malamai na karanta kiɗa, can na koyi gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, na kuma koyi rubuta sauti da karanta shi a takarda. Na fito da sakamako mai kyau, ba yabon kai ba. Da aka ba ni koyarwa a wata sakandare a Faskari, sai na tarar babu mai bukatar abin da na iya. Gogen nawa ya shekara biyu a cikin akwatinsa a ƙarƙashin gado.

Wata ranar kasuwar Sheme na je sayen masara, sai na ji goge a bayan rumfar masu hatsi. Wani dattijo ne a gindin bedi yana gwada sabuwar tsirkiya, tare da mutum biyu masu kiɗa masa ƙwarya. Dattijon shi ne Baba Isiya, mutumin wani ƙauye gaba da Ruwan Godiya. Masu ƙwaryar kuma Mamman ne, wani dogo mai bakin tsiya, da Idi, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba. Na tsaya, na gaishe su, na gaya musu abin da na karanta, har na ƙara da cewa nawa tsirkiya huɗu gare shi, nasu kuwa ɗaya.

Baba Isiya ya miƙo mini gogen. "To bisimilla, Tica. Tunda ɗaya ce, ai ba ta ɗaukar maka lokaci."

Na karɓa, na ja. Abin da ya fito ban san sunansa ba.

"Baba, amshe abinka," in ji Mamman, "kada mahauta su sheƙo su ce an yanka akuya ba da saninsu ba."

Daga ranar sunana ya koma Tica a wurinsu, kuma mako na zagayowa na koma da kaina na ce a koya mini. Baba bai ƙi ba, amma ya gaya mini gaskiya tun a zaman farko. Ya ce jan goge ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce take. Kowane babban gida da yake yi wa kiɗa yana da takensa, wanda aka yi wa kakansu ko uban kakansu. Idan ana biki aka kaɗa taken gida, mai gidan yakan miƙe tsaye ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wannan miƙewar ita ce shaidar ya karɓi makaɗin. Idan kuwa ya ci gaba da zama, to gidan nan ba zai sake kiran ka ba, kuma kafin kasuwa ta sake ci sauran gidaje sun ji. 'Ya'yan Baba babu wanda ya bi sana'ar, ɗaya direba, ɗaya manomi. "Kai kau ɗan haye ne," in ji shi. "Ni ina iya koya maka hannu. Amma ba ni iya ɗaga maka kowa daga tabarma." Gidan da kowa yake kallo a wannan yankin shi ne na Alhaji Gambo, babban manomi a ƙauyen su Baba. Wanda Alhaji ya miƙe wa, kowa ya miƙe masa. Na yi shekaru ina bin Baba ban san ko hakan za ta taɓa faruwa da ni ba.

Gogen farko da na haɗa da hannuna ya ci mini kusan wata uku. Baba ba ya barin almajirinsa ya ja gogen da bai san cikinsa ba. Sai ka zaɓi ƙwarya mai kauri wadda ta bushe sarai, ka ƙwanƙwasa ta da farce ka ji ba ta da tsaga. Sai fatar guza, a jiƙa ta, a ja ta a bakin ƙwaryar, a kafe da ƙusoshi, a bar ta ta bushe a inuwa. Tawa ta farko a rana na shanya don sauri, ta tsage daga gefe. Sai jaki, wato ɗan iccen da tsirkiya take hawa a kan fatar. Sai ƙaro, wanda ake gogawa a jikin izga, bakan da ake ja da shi, don ya kama.

Tsirkiyar kuwa, wadda ake cewa ɗaya ce, gashin wutsiyar doki ne mai yawa aka haɗa. Mun je har wani ƙauye a ƙasar Sabuwa wurin wani mai ingarma, don Baba ya ce gashin goɗiya ba ya ƙarko. Dalilin da ya bayar shi ne fitsari yana ɓata shi. Ban bincika a littafi ba, amma na gwada na goɗiya sau ɗaya daga baya, bai yi wata ba. Za ka zauna ka tsefe gashin nan sili-sili, kowane ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, gindi ya bi gindi. Idan sili guda ya hau kan wani, za ka riƙa jin wani ɗan tsaki a ƙarƙashin sautin, ba kuwa zai bari ba sai ka kwance duka ka sake. Na kwance tawa sau biyar. Bayan haka sai ka tarar babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna maka inda za ka sa yatsa. Ba ma danna tsirkiyar ake yi a kan sanda ba, taɓa ta ake yi daga gefe tana a iska. Kunnenka kaɗai ne zai ce maka ka yi daidai ko ka kauce. Abin da na koya a kwaleji ya taimake ni wajen kunne, wannan ba na musu. Amma yatsun sai da na sake musu tarbiyya daga farko.

Wani bikin aure a Ƙanƙara, cikin damina, shi ne ya koya mini ɗaurin tsirkiya. Lokacin na kai shekara uku tare da su, ina jan goge na biyu a bayan Baba. Da damina fata takan saki, sai an ɗan gasa ta a nesa da garwashi kafin a fara. Baba ya tafi gaida masu gida, ya bar ni in shirya gogunan biyu. Ina da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da muka yi amfani da shi a kwaleji. Idan ka buga shi a gwiwa sai ya ba da sauti guda wanda ba ya sauyawa, da shi ake daidaita kayan kiɗa. Na daɗe ina lura gogen Baba yau yana sama, gobe yana ƙasa, na ɗauka sakaci ne. Sai na ce bari in gyara. Na gasa fatun, na matsa ɗaurin har gogunan biyu suka yi daidai da ƙarfen.

Baba ya dawo, ya zauna, Mamman da Idi suka ɗauki kiɗa, ya ja, ya buɗe baki zai yi waƙa. Ashe yana fama da mura. Muryar ta hau ta kasa kaiwa, ta karye a tsakiya kamar ta sabon zakara. Mata suka ƙyalƙyale daga cikin gida. Baba ya tsaya, ya nemi ruwa ya sha, ya sassauta tsirkiyarsa a gaban kowa, ya miƙo hannu ya sassauta tawa, sannan aka ci gaba. Sai a mota ya tambaye ni.

"Wa ka tambaya kahin ka ɗaure?"

Na fito da ƙarfen na nuna masa.

"Shi zai yi waƙar?"

"A'a, Baba."

"Da sahe da ka gaishe ni, mi na ce maka?"

"Ka ce lafiya lau."

"To a nan ake ɗaure goge. Ka ji inda lahiya lau ɗin ta tsaya, ka aje tsirkiya nan. Makogwaro ba ƙarhe ba ne, kullum da inda shika kwana."

Mamman ya karɓi ƙarfen ya duba, ya ce a ba shi, zai yi kyau wajen tsire. Har yau idan zan yi wa wani mawaƙi kiɗa, nakan je in gaishe shi da wuri, in ja gaisuwar, in tambayi iyali da gona da gajiya. Yana zaton ladabi ne. Ladabin ne, amma aiki nake yi.

Kiɗan mutum huɗu ba kamar na taro mai yawa ba ne, inda wani zai ɓuya a bayan wani. Babu mai tsayawa a gaba yana ba da umarni. Idan Mamman zai ƙara sauri, kafaɗarsa ta dama ce take fara gaya maka. Idan Idi ya sunkuyar da kai, to an kusa sauka. Aikin mai goge na biyu shi ne ya riƙe ƙasa, ya cike gurbin da babba ya bari idan zai numfasa, ya kuma san inda zai yi shiru. Saboda haka idona kullum a kan hannun Baba yake, ba a kan jama'a ba. Idan aka zo take, ni sautin ƙasa kawai nake riƙewa. Bai taɓa bari na ja take da kaina ba.

Masu kiran mu iri-iri ne. Mata sun fi son kiɗa mai sauri, kuma su ne ba sa yafe kuskure. Direbobi suna son a ambaci motarsu da hanyar da suke bi. Dattawa takensu suke jira, sauran duk hira suke yi. Akwai kuma waɗanda suke ganin goge bai dace ba sam. Ni ba malamin addini ba ne, ba zan shiga abin da ban sani ba. Abin da zan iya faɗa shi ne mu ba mu yi wa bori ba, ba mu shiga gidan giya ba, kuma ana kiran salla muke ajiyewa.

Sai shekarar da hanya ta lalace. Duk wanda yake wannan yankin ya san abin da nake nufi, ba sai na yi bayani ba. Manoma suka daina zuwa gonakin nesa, ƙauyuka da yawa suka taso suka shigo gari. Aure ya koma a ɗaura bayan Juma'a, kowa ya kama gabansa tun kafin la'asar. Wa zai tara mutane a ƙofar gida, balle ya kira makaɗa? Inda aka ɗan yi shagali a cikin gari, sifika ake ɗaukowa. Idi ya tafi Funtuwa yana dako, bai dawo ba. Mutanen ƙauyen su Baba suka watse, wasu Faskari, wasu Sheme. Cikin wannan hali Baba ya tashi wata safiya ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi sosai, magana ma da ƙyar. Aka kawo shi gidan 'yarsa a Faskari. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, yatsun ba su dawo ba.

Na ga idan ban yi wani abu ba taken nan za su tafi tare da shi. Kullum na tashi daga makaranta sai in biya, in zauna da littafi mai layi. Baba yana rera take da baki, yana buga gwiwa da hannun dama, ni ina rubutawa da alamomin da na koya a kwaleji. Kowane sai na ja masa shi da goge ya ce ya yi, sannan in wuce. Na yi aikin nan da kula iyakar iyawata, kuma har yanzu ina ganin ya cancanci a yi shi. A taken gidan Alhaji Gambo akwai wani wuri a tsakiya inda sauti yake hawa sama ya tsaya, kafin a gangaro cikin kiɗa mai sauri. Da Baba ya rera shi a ɗaki, bugu huɗu ya riƙe shi. Na rubuta huɗu.

Kiran farko da muka samu bayan fiye da shekara daga Alhaji Gambo ya zo. Yana zaune a gidan ƙanensa a Sheme, an yi masa jika, ya ce shi ba zai yi suna da sifika ba, a kira masa Isiya. Aka ce masa Isiya ba hannu. Ya ce a zo da shi haka nan, da wanda zai ja. Na goya Baba a babur da hantsi, Mamman ya biyo mu da ƙwaryarsa. Kafin mu tashi Baba ya sa aka ɗauko gogensa ya ce da shi zan yi.

Da muka isa sai na ga ba taron suna kaɗai ba ne. Kusan duk masu gidajen da Baba yake yi wa take suna kan tabarmi a ƙofar gidan, mutanen da rabon su haɗu wuri ɗaya tun barin ƙauye. Duk abin da Alhaji ya yi, a gabansu zai yi. Aka ba Baba kujera a gefena. Muka yi 'yan kiɗe-kiɗen share fage, suka tafi lafiya. Sai Baba ya ce, "To, ba shi abinshi."

Na buɗe littafin a kan gwiwa, na ja. Na tabbata ban kuskure ko sauti ɗaya ba. Na hau wurin nan, na ƙirga huɗu, na gangaro. Da na ɗaga kai a ƙarshe, Alhaji yana zaune. Hannunsa ɗaya yana dafe da ƙasa, ɗayan yana kan sandarsa. Ya janye su a hankali, ya gyara babbar rigarsa, ya juya yana yi wa na kusa da shi magana. 

"Tica," in ji Mamman ƙasa-ƙasa, "ka baro shi a hanya."

Baba ya jawo hannun rigata. "Ina kake sauri zuwa?"

"Huɗu ne, Baba. Haka ka ba ni."

"A ɗaki na ba ka, ba kowa gabana. Wurin nan ba a ƙirga shi. Nan ake jiran mai gida shi tashi. Sadda Alhaji shina da ƙarhi, kahin ka numfasa ya miƙe. Yanzu dubi gwiwar. Ka riƙe mashi har shi tsaya da ƙahwahunshi, ko da za a kira azahar. Kuma ruhe takardar nan, shi za ka duba."

Shekara nawa ina riƙe wa Baba ƙasa a wannan take, ban taɓa lura tsawon wurin yana sauyawa ba, don hannunsa nake bi. Matsalar ita ce ba a saba maimaita take a zama ɗaya ba. Mamman ne ya fitar da mu. Ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, a gahwarce mu! Wancan gwaji ne, jaki ne ya zame. Ka san kayan sun daɗe ba su ga rana ba, kamar mu." Wasu suka yi dariya. Alhaji bai yi ba, amma ya juyo.

Na rufe littafin na sa a ƙarƙashin cinya. Na sake ɗauka daga farko, na hau wurin, na tsaya a kai. A nan ne zan gaya wa masu koyo abin da wuya take nufi. Izgar goge gajera ce, ba ta kai kamu biyu ba. Idan za ka riƙe sauti ɗaya ya daɗe, dole ka riƙa juya ta gaba da baya ba tare da kunne ya ji inda ka juya ba, yatsanka kuma yana iska, ba abin da ya jingina da shi, bai isa ya motsa ko kaɗan ba. Mamman ya rage ƙwaryar ta koma kamar tafiyar agogo.

Alhaji ya dafa ƙasa. Ya jawo ƙafar dama ya kafa ta. Ɗansa ya matso zai kama shi, ya ture hannun. Ya dogara sandar, ya taso rabi, gwiwar ta ƙi, ya koma. Ban sauka ba. Na ji sili ɗaya na izgar ya tsinke, ya bi bayan hannuna yana lilo. Alhaji ya numfasa, ya sake kafa sandar, wannan karon da hannu biyu. Wani silin ya tsinke. Ban san sau nawa na juya izgar ba, ƙirga ta riga ta fita daga kaina. Ya taso a hankali, ya miƙe, ya tsaya har rigar ta sauka ta daidaita. Sannan ya saki hannun dama daga sandar, ya dunƙule shi, ya ɗaga sama.

Na gangaro, Mamman ya saki ƙwarya, guɗa ta tashi daga cikin gida. Alhaji bai zauna ba sai da aka kai ƙarshe. Da ya zauna ya dubi Baba, ba ni ba.

"Isiya, ina ka samo wanga?"

"Makarantar boko, Alhaji."

"To. Ya dai iya jira." Ya nuna wani dattijo a ƙarshen tabarma. "Malam Sani na aurar da ɗa wata mai kamawa. Shi ma gwiwar tashi sai a hankali."

Kafin la'asar na ja take shida, kowane idona a kan mai shi. Wani tun ban kai wurin ba ya miƙe, wani sai da na jira.

Da na sauke Baba a ƙofar gidan 'yarsa, na kwance gogen daga bayana, na riƙe shi da hannu biyu na miƙa masa. Ya dube shi, ya dubi hannunsa na hagu.

"In amsa da wane?" ya ce. "Rataya abinka. Ka dai sake ma izgar gashi kahin bikin Malam Sani."